Yadda ake jera faɗakarwar tsaro bisa fifiko da dunƙule ta a Suricata da Wazuh

Duk wanda ya kunna Suricata, manhajar da ke sa ido kan zirga-zirgar netwok don gano kutse, a bakin hanyar intanet ta ofis, ya loda mata dokokin gano hari na Emerging Threats, ya san abin da ke biyo baya: kafin gari ya waye faɗakarwa ta cika allo. Mafi yawanta daga na'urorin da ke yawo a intanet ne suna taɓa kowace ƙofa su ji ko a buɗe take, sai manhajojin ofis masu sabunta kansu, sai fakitocin da suka iso a jirkice. A tsakiyar wannan tarin ake samun layi ɗaya ko biyu da ke cewa wata kwamfutar cikin gida ta fara magana da sabar ɓarayi. Wannan layin ne ake so ya isa idon mutum cikin mintuna.

A ƙarshen 2013 an sace bayanan katunan biyan kuɗi kusan miliyan 40 daga kamfanin Target na Amurka. Rahoton da ma'aikatan kwamitin kasuwanci na Majalisar Dattawan ƙasar suka fitar a watan Maris na 2014 ya nuna cewa manhajar tsaron kamfanin ta yi gargaɗi fiye da sau ɗaya, ba a ɗauki matakin da ya dace ba. Na'ura ta gani, ta kuma faɗa. Tsakanin faɗarta da hannun mutum aka yi asarar.

Ayyuka biyu ne a nan, kuma ana yawan cakuɗa su. Fifiko shi ne sanin wacce za a fara dubawa. Dunƙulawa kuwa ita ce hana a ta da mutum sau ɗari a kan abu ɗaya. Fifiko ake fara yi, domin in ka dunƙule tun ba ka tantance ba, babbar faɗakarwa za ta shige cikin ƙunshin ƙanana ta ɓace. Ƙa'idar da za ta bi mu har ƙarshe ita ce: sanarwar da ke zuwa wa mutum ake dunƙulewa, shaidar da ke ajiye a diski ba a rage ta.

Ƙirga tukuna, kafin ka taɓa doka

Buɗe `/etc/suricata/suricata.yaml` ka duba `HOME_NET`. Dokoki masu ɗimbin yawa an rubuta su ne bisa bambancin ciki da waje, to in ba ka sa ainihin adiresoshin gidanka ba, har da na waje da mai ba ka intanet ya ba ka idan Suricata tana gaban katangar tsaro, duk ƙirgar da za ka yi daga baya a karkace za ta fito. Sannan ka duba `stats.log`, ka kwatanta `capture.kernel_drops` da `capture.kernel_packets`. Idan fakitocin da ake zubarwa sun haura kashi 1 cikin 100, wannan ka fara gyarawa. Injin da ke zubar da fakiti yana rasa hari na gaskiya, yana kuma haifar da tarin faɗakarwar `SURICATA STREAM` saboda yana ganin rabin zance. Haka ma in zirga-zirgar tana fita ta waya ɗaya tana dawowa ta wata, Suricata kuma guda ɗaya kawai take gani.

Bar injin ya yi mako guda cur, da ranakun aiki da na hutu, sannan ka ƙirga faɗakarwar da ke cikin `eve.json`, fayil ɗin da Suricata ke rubuta su, da manhajar `jq`:

```
jq -r 'select(.event_type=="alert") | "\(.alert.signature_id) \(.alert.signature)"' \
  /var/log/suricata/eve.json | sort | uniq -c | sort -rn | head -20
```

Galibi za ka tarar dokoki ƙalilan ne ke haifar da mafi yawan hayaniyar. Maimaita ƙirgar da `.src_ip`, sannan da `.dest_ip`. Sau da yawa babban mai surutun naka ne: na'urar da ke binciken raunin kwamfutocin ofis, ko sabar da ke kwafar bayanai cikin dare.

Akwai lissafi na biyu, na mutane. A ce mai sa ido ɗaya yana da awa 6 na aiki na sosai a cikin awa 8, kowace faɗakarwa kuma tana cin minti 10 kafin a san gaskiyarta. Guda 36 ke nan a yini. Sa lambobinka na gaskiya ka sake lissafawa. Abin da ya fito shi ne iyakar abin da ya kamata ya riƙa isa layin mutum, duk saitin da ke ƙasa kuma wannan lambar yake wa hidima.

Lambobin tsanani ba bakinsu ɗaya ba

A syslog, tsarin da injuna ke rubuta rajistarsu da shi, matakai 8 ne, daga 0 zuwa 7, kuma 0 ne mafi muni. A Suricata da Snort, wata manhaja mai aiki irin nata, 1 ne mafi muni, ana kuma ɗauko shi daga `classification.config`: `trojan-activity` da `attempted-admin` suna kan 1, `attempted-recon` da `bad-unknown` kan 2, `misc-activity` kan 3. A Wazuh, manhajar da ke tattara rajistar injuna tana fitar da faɗakarwa, abin a juye yake, lamba na hawa tsanani na ƙaruwa, 15 shi ne mummunan hari. Ma'aunin rauni na CVSS kuma daga 0 zuwa 10 yake tafiya, 9.0 zuwa sama shi ne mafi haɗari. Wanda ya zuba waɗannan duka a gurbi ɗaya ya ce a jera daga babba zuwa ƙarami, saƙon gwaji na syslog zai hau kan faɗakarwar kutse.

Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa. Idan wakilin Wazuh, wato ɓangarenta da ake sawa a kan inji ya riƙa tura mata rajista, ya karanta `eve.json`, duk faɗakarwar Suricata tana faɗawa kan doka mai lamba 86601, wadda matakinta 3 ne, ko da kuwa Suricata ta ce abin na mataki na 1 ne. Tsananin yana nan cikin `alert.severity`, amma Wazuh ba ta aiki da shi sai ka gaya mata. Tun da imel ba ya fita sai daga mataki na 12, kamar yadda `email_alert_level` ya zo, babu faɗakarwar Suricata ko ɗaya da za ta tashi kowa daga barci sai an rubuta dokokin gida.

Abin da ke sa faɗakarwa ta zama babba

Lambar da marubucin doka ya sa hasashe ne na wanda bai taɓa ganin ofishinka ba. Kai ne za ka ƙara abubuwa huɗu da bai sani ba.

Na farko, wane inji aka taɓa. Rubuta jerin manyan injuna: sabar da ke riƙe da asusun shiga na ma'aikata, rumbun bayanan kuɗi da albashi, sabar ajiyar kwafi, ƙofar VPN, da kwamfutocin masu gudanar da netwok ɗin kansu. Kada jerin ya wuce kima. Idan rabin injunan ofis suka shiga, jerin bai tantance komai ba.

Na biyu, ina zancen ya nufa, kuma wannan ne aka fi sakaci da shi. Daga waje zuwa ciki ƙwanƙwasa ƙofa ne, intanet ba ta daina shi dare da rana. Daga ciki zuwa waje, wato kwamfutarka ce ke neman adireshin da aka sani na masu sarrafa muguwar manhaja, alama ce cewa an riga an shigo. Daga ciki zuwa ciki, kamar kwamfutar sakatare tana lalube ƙofa ta 445 ko 3389, ƙofofin raba fayil da shiga Windows daga nesa, a kan injuna hamsin, alama ce cewa wanda ya shigo ya fara yaɗuwa. Biyun ƙarshe sun fi na farko nauyi nesa ba kusa ba, ko da lambarsu ɗaya a Suricata.

Na uku, ya yi nasara ko bai yi ba. Kuskuren kalmar sirri dubu a kan SSH, hanyar shiga saba daga nesa, hayaniya ce. Kuskure ashirin da shiga ɗaya ta biyo bayansu daga adireshi guda, wannan gobara ce, shi ya sa Wazuh ta ba shi doka ta 40112 a mataki na 12, alhali tarin kuskuren kaɗai, doka ta 5712, yana kan 10. A Windows ma haka ne: 4625 kuskuren shiga, 4624 shiga ta yi. Akwai kuma aukuwar da ko sau ɗaya ta faru a babban inji ta isa a kira mutum, irin su 1102, an goge rajistar tsaro, da 4728 ko 4732 idan rukunin da aka ƙara wa mutum na masu gudanarwa ne.

Na huɗu, injin yana da raunin da ake hari ko ba shi da shi. Tun Disamba 2021 ake harba gwajin Log4Shell, raunin da ke cikin Log4j na manhajojin Java, wato CVE-2021-44228 mai maki 10.0, kan duk abin da ke da adireshi a intanet. Idan sabar da aka harba wa ba ta da Java ko kaɗan, a rubuta a wuce. Idan tana da tsohon Log4j, wannan kiran gaggawa ne. Jerin raunukan da aka tabbatar ana amfani da su wajen kai hari, wanda hukumar CISA ta Amurka ta fara wallafawa a Nuwamba 2021, ya fi makin CVSS kaɗai amfani wajen wannan hukunci.

Daga nan sai ka yanke matakai, kuma huɗu sun isa. Na ɗaya a kira mutum a waya ko da ƙarfe biyun dare ne, a fara dubawa cikin minti 15. Na biyu a buɗe tikiti a duba shi kafin a tashi aiki. Na uku a tara, a karanta taƙaitawarsa sau ɗaya a yini. Na huɗu a ajiye kawai saboda ranar bincike. Kowane mataki a rubuta abin da ake yi da shi da wanda zai yi. Matakin da ba a ɗora wa kowa ba, launi ne kawai a allo.

A Wazuh dokokin gida suna zama a `/var/ossec/etc/rules/local_rules.xml`, lambobinsu daga 100000 zuwa 120000:

```
<group name="suricata,gida,">
  <rule id="100210" level="7">
    <if_sid>86601</if_sid>
    <field name="alert.severity">^1$</field>
    <description>Suricata mai tsanani: $(alert.signature)</description>
  </rule>
  <rule id="100211" level="12">
    <if_sid>100210</if_sid>
    <list field="dest_ip" lookup="address_match_key">etc/lists/manyan-injuna</list>
    <description>An nufi babban inji: $(alert.signature)</description>
  </rule>
  <rule id="100212" level="13">
    <if_sid>100210</if_sid>
    <list field="src_ip" lookup="address_match_key">etc/lists/manyan-injuna</list>
    <description>Daga babban inji ya fito: $(alert.signature)</description>
  </rule>
</group>
```

Fayil ɗin `manyan-injuna` layi-layi ne, kowane adireshi da ɗigo biyu a ƙarshensa, kamar `10.10.1.5:`. Dole a ambace shi a sashen `ruleset` na `ossec.conf` a kuma sake kunna manajan Wazuh, wato sabarta ta tsakiya, in ba haka ba dokar ba za ta ga jerin ba. Lura da amsar hari: idan sabarka ta mayar wa maharin amsa, ita ce za ta fito a `src_ip`, shi ya sa doka ta uku ta fi ta biyu mataki.

Fifiko yana aiki har a cikin injin kansa. Fakiti ɗaya kan iya dacewa da dokoki da yawa, ba duka ake rubutawa ba. Snort 2 ya zo da layin `config event_queue: max_queue 8 log 3 order_events content_length`, ma'ana ya riƙe 8, ya rubuta 3, ya fifita dokar da abin da take nema ya fi tsawo. Tsawo ba tsanani ba ne. Mayar da shi `order_events priority` domin in za a zubar, a zubar da ƙanana. A Suricata iyakar ita ce `packet-alert-max`, wadda ta zo a 15, kuma `detect.alert_queue_overflow` a `stats.log` zai nuna maka ko ana ƙetare ta.

Rage maimaici a Suricata

Kayan aikin suna cikin `/etc/suricata/threshold.config`, iri uku ne, sunayensu kuma na ruɗarwa. `limit` yana ba da faɗakarwa daga farko har adadin da ka sa, sannan ya yi shiru sai tazarar ta ƙare. `threshold` ba ya magana sai an cika adadin, kuma duk cikawa sai ya yi magana. `both` yana jira a cika adadin, ya yi magana sau ɗaya, ya yi shiru.

```
threshold gen_id 1, sig_id 1000010, type limit, track by_src, count 1, seconds 600
threshold gen_id 1, sig_id 1000020, type both, track by_src, count 30, seconds 60
suppress gen_id 1, sig_id 1000020, track by_src, ip 10.10.9.20
```

Zaɓin ya danganta da tambaya ɗaya: aukuwa guda ta isa laifi? Kwamfutar da ke kiran sabar ɓarayi kowane daƙiƙa 30, kira ɗaya ma laifi ne, to `limit` ya dace da ita: ka ji nan take, sannan a tuna maka kowane minti 10. Haɗi ɗaya zuwa ƙofar SSH kuwa ba komai ba ne, talatin cikin minti ɗaya ne abin magana, nan wurin `both` ne. Kada ka taɓa sa `both` ko `threshold` a kan doka irin ta farko, don maharin da ya yi abinsa sau ɗaya ya gama ba zai taɓa cika adadin ba.

Layi na uku yana rufe bakin doka ɗaya game da adireshi ɗaya, misali na'urarka ta binciken rauni. Ka tsaya a kan wannan ƙuncin. `suppress` da `sig_id 0` yana toshe duk dokoki game da adireshin, ranar da aka kame wannan injin kuwa, wanda dama yana da izinin taɓa kowa, ba za ka ji komai ba. Saman kowane layi ka rubuta dalili, da wanda ya sa, da ranar da za a sake dubawa.

Dokar da ba ta shafe ka ba sam, kamar ta manhajar da ba ka da ita, kashe ta a `disable.conf` na `suricata-update`, manhajar da ke sabunta dokokin, ya fi, don hakan yana rage wa injin nauyi. Sai dai wasu dokokin aikinsu sa alama ne a kan haɗi, wato `flowbits`, domin wata doka ta gaba ta karanta, kuma `suricata-update` zai iya sake kunna su saboda masu dogaro da su. Irin waɗannan a rufe musu baki da `suppress`, alamar za ta ci gaba da aiki. Ka kuma sani cewa iyakar da ka sa wa wata doka a wannan fayil tana maye gurbin wadda marubucin ya sa a cikin dokar. Bayan kowane gyara, `suricata -T -c /etc/suricata/suricata.yaml` kafin a sake lodawa.

Abin da aka rage a nan ba zai shiga `eve.json` a matsayin faɗakarwa ba har abada. Saboda haka bar rajistar `flow`, `dns`, `http` da `tls` a kunne. Su ne shaidar da za ta nuna sau nawa aka yi kiran da kuma yawan bayanan da suka fita.

Da me za a haɗa su, kuma na tsawon wane lokaci

Nan ne dunƙulawa ke gyaruwa ko ta lalace. Haɗawa bisa adireshin tushe ita ce ta farko da ke zuwa rai, tana kuma kama mahari ɗaya mai taɓa injuna da yawa. Amma ba ta ganin hari daga adiresoshi dubu a kan inji ɗaya, wannan sai `by_dst`. Tana kuma cutar da marasa laifi: kamfanonin wayar salula suna fitar da masu amfani da yawa ta adireshin waje guda, to in abokan hulɗarka da datar waya suke shigowa, kuskuren kalmar sirri goma daga adireshi ɗaya zai iya zama mutum goma ne daban. Kada ka jingina toshewa ta kai tsaye a kan irin wannan ƙirga. Idan kuma akwai na'urar raba lodi a gaban sabar yanar gizonka, duk duniya za ta bayyana da adireshinta, sai ka kunna `xff` a saitin `eve-log` domin a ɗauko adireshin asali.

Harin fesa kalmar sirri yana zamewa ta ƙarƙashin ƙirgar asusu: kalma ɗaya ake gwadawa a kan asusu ɗari, kowanne kuskure ɗaya tak, babu wanda aka kulle. Dokar da ke kama shi ita ce mai ƙirga asusu mabambanta daga tushe guda. A Wazuh ana haɗa `same_field` a kan `win.eventdata.ipAddress` da `different_field` a kan `win.eventdata.targetUserName`.

Tazarar lokaci kuma guda biyu ake so. Gajera, daƙiƙa 60 zuwa 120, don mai gaggawa. Doguwa, awa ɗaya zuwa yini, don mai haƙuri da ya san ana ƙirgawa, yake gwaji sau biyu a awa. Doguwar tana cin ma'adanar inji, don haka an fi yin ta da tambayar da ake gudanarwa a kan rumbun rajista lokaci-lokaci.

Ƙunshin da ya isa gaban mutum ya ɗauki lokacin farko da na ƙarshe, da jimilla, da yawan injuna ko asusun da aka taɓa, da misali biyu ko uku na ainihin layukan. Matakinsa shi ne na mafi tsananin abin da ke cikinsa. Ba a ɗaukar matsakaici: ƙanana 99 da babba ɗaya, ƙunshin babba ne. In kuma sabon abu ya shigo da ya ɗaga matakin, a sake sanarwa nan take ko da tazarar shiru ba ta ƙare ba.

Saituna uku na Wazuh suna cizo a nan. Doka ta 5712 tana da `frequency="8" timeframe="120" ignore="60"`, kuma `ignore` ɗin dokar gaba ɗaya yake rufe wa baki, bai san adireshi ba. Mahari na biyu da ya zo cikin wannan minti ba zai sami tasa faɗakarwar ba. A kan manyan dokoki ka gajarta shi ko ka cire. Na biyu, aukuwar da ka mayar mataki na 0 an yar da ita, ba ta shiga lissafin dokokin ƙirga. In kana so ta yi shiru amma a ci gaba da ƙirga ta, ba ta mataki na 1 ko 2, ƙasa da `log_alert_level` da ya zo a 3, ka kuma kunna `logall_json` idan diski zai ɗauka, don ta zauna a `archives.json`. Na uku, `email_maxperhour` ya zo a 12: imel na goma sha uku zai jira ƙarshen awa a haɗa shi da sauran. A ware wa mataki na 12 zuwa sama nasa sashen `email_alerts` mai `do_not_delay` da `do_not_group`, a ɗaga iyakar ta awa, mafi kyau ma kiran gaggawa ya bi wata hanya da ba imel ba.

Dunƙulawa a kan hanya

Akwai wata dunƙulawar da ba ruwanta da idon mutum, ta jigilar rajista zuwa rumbu. Kamar motar haya ce a tasha: in an ce ba ta tashi sai ta cika, fasinjan farko zai yini a zaune ranar da babu kasuwa, in kuma za ta tashi da kowane mutum ɗaya, kuɗin mai zai cinye ribar. Shi ya sa ake sa sharaɗi biyu, adadi da lokaci, duk wanda ya riga cika a tashi. A Logstash, manhajar jigilar rajista, `pipeline.batch.size` ya zo a 125, `pipeline.batch.delay` kuma 50 ne a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙara girman ƙunshi yana sauƙaƙa wa rumbu, yana kuma cin RAM, domin kowane ma'aikacin bututun nasa ƙunshin yake riƙewa. Ninka shi sannu-sannu, 250, 500, 1000, kana aunawa, ka tsaya inda saurin ya daina ƙaruwa. Idan rumbun, Elasticsearch ko OpenSearch, ya fara mayar da amsa 429, ya ƙoshi ne, sai mai turawa ya ja baya ya sake gwadawa, kada ya zubar.

Faɗakarwa da rajistar zirga-zirga kada su bi layi ɗaya. Rajistar `flow` da `dns` ta ninka faɗakarwa yawa sau tari, ranar cunkoso kuwa faɗakarwar mataki na ɗaya za ta tsaya a bayan layuka dubu ɗaruruwa. Suricata tana yarda a buɗe `eve-log` fiye da ɗaya: fayil guda na `alert` kaɗai, wani na sauran. Na farkon a ba wa wakilin Wazuh, na biyun ya tafi rumbu ta nasa bututun da manyan ƙunsoshi. Kunna `community-id` domin a iya haɗa faɗakarwa da zirga-zirgarta daga baya, har da rajistar Zeek, wata manhajar sa ido kan netwok, in kana da ita.

Dalilin raba su a bayyane yake cikin lissafi. Wakilin Wazuh yana da layi mai ɗaukar aukuwa 5000, yana tura 500 a daƙiƙa, a sashen `client_buffer`. In aukuwa 800 ke shigowa a daƙiƙa, rarar 300 za ta cika layin cikin daƙiƙa 17, daga nan duk abin da ya zo zubarwa ake yi, ba a tambayar matakinsa. Mahari ma zai iya haddasa ambaliyar da gangan don ya ɓoye aikinsa a ciki. Dokoki na 203 da 204, layi ya cika da layi ya yi ambaliya, ka ɗauke su a matsayin faɗakarwar tsaro idan daga babban inji suka fito.

Reshen ofis da ke fama da ɗaukewar wuta ko yankewar intanet yana buƙatar layi a kan diski. Aukuwa 200 a daƙiƙa, kowace bayit 800, megabayit 576 ke nan a awa, yankewar awa 6 kuma kusan gigabayit 3.5. Layin diski na Logstash, `queue.type: persisted`, ya zo da `queue.max_bytes` na 1024mb, wanda a wannan lissafin ba zai kai awa biyu ba. A rsyslog, manhajar tura saƙonnin syslog, ana sa `queue.filename`, `queue.maxDiskSpace`, `queue.saveOnShutdown="on"` da `action.resumeRetryCount="-1"`, a kuma tura ta TCP ko TLS a ƙofa ta 6514, domin UDP a 514 ba ya sanin an yanke, turawa kawai yake yi cikin iska. In dole sai an zubar, `queue.discardSeverity` yana sa a fara da marasa nauyi. Lissafa lokacin kwashewa ma: aukuwa miliyan 4.32 da suka taru, in hanyar 500 take ɗauka a daƙiƙa sababbi 200 kuma na shigowa, awa 4 za a yi kafin a kamo. Duk tsawon wannan lokaci sabuwar faɗakarwa tana bayan tsofaffi, sai fa in tana da layinta daban. Kuma tarin da ya iso a dunƙule zai iya tayar da dokokin ƙirga na ƙarya, tun da abin da ya faru cikin awa shida ya iso cikin mintuna. Duk injuna su bi NTP don agogonsu ya zo ɗaya, a adana lokaci da UTC, a riƙe lokacin aukuwa da lokacin isowa a gurabe daban.

Gwaji, da bitar da ba a dainawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Manna ainihin layin `eve.json` a `/var/ossec/bin/wazuh-logtest` ka ga dokar da ta kama shi da matakin da ta ba shi, ka manna shi sau da yawa don gwada dokokin ƙirga. Sannan gwajin hanya gaba ɗaya: daga wata kwamfutar ciki, `curl http://testmynids.org/uid/index.html` yana tayar da doka ta 2100498. Rubuta mata dokar gida ta wucin gadi mai mataki na 12, ka riƙe agogo daga danna maɓalli har wayar mai jiran aiki ta yi ƙara. Maimaita gwajin a lokacin da ka cika layin da rajistar banza da gangan, don wannan ne zai nuna ko raba layukan ya yi aiki.

Shiru ma abin faɗakarwa ne. Sa doka da za ta yi magana idan wata Suricata ko wani wakili ya yi minti 15 bai turo komai ba, domin diski da ya cika da wayar da aka zare duk kamannin zaman lafiya suke yi a allo.

Kowane mako a sake ƙirgar `jq` ɗin nan, a kuma duba tikitocin da aka rufe. Dokar mataki na ɗaya da ta ta da mutane sau goma ba a sami komai ba, a ƙuntata sharaɗinta ko a sauke ta, tun kafin masu jiran aiki su koyi yin biris da ita. Abin da bincike ya gano na gaske ne alhali yana kwance a mataki na uku, a ɗaga shi a ranar. Kowane wata uku a bi layukan `suppress` ɗaya bayan ɗaya a goge na injunan da aka sauya wa aiki ko adireshi, a kuma gwama jerin `manyan-injuna` da sababbin sabobin da aka kafa tun bitar baya.